Gida ya tsaya, kanibo bai zo ba: abin da ake ragewa a sabbin unguwannin gefen Yamai

Duk wanda ya fita Yamai ta hanyar Filinge, ko ta Walam, ko ya tsallaka gada ya nufi Sagiya, ya ga yadda gonakin hatsi ke komawa unguwanni. Inda bara ake yankan kara, bana duwatsun iyaka ne a jere, ga babban allo a bakin hanya ɗauke da hoton fararen gidaje, da titi mai kwalta, da itatuwa, da makaranta, da masallaci. Masu sayen waɗannan gidaje ba attajirai ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da masu kaki, da ƴan kasuwar da haya ta ishe su, da ƴan uwanmu mazauna waje masu aiko da kuɗi wata-wata. Da yawansu banki ya fara yankar albashinsu tun kafin a haƙa tushen gidan.

Abin da ke tayar musu da hankali kusan iri ɗaya ne ko'ina. Sai a kira taro, wakilin kamfani ya miƙe ya ce kaya sun yi tsada, dole a rage wasu abubuwa idan ana son aiki ya ƙare. Kanibo, wato magudanar ruwa, an ɗage shi sai zango na biyu. Titin da aka zana da pabe zai tsaya a jar ƙasa. Tiransifoma biyu sun koma ɗaya. Filin da aka nuna musu a taswira aka ce na makaranta ne, wani ya wuce ya ga an kafa masa duwatsu. Shi kuwa gidan kansa an ce ba a taɓa shi ba, har ma ana yi musu albishir da fenti mai kyau da karo a falo.

Ni a ganina tsoron mutanen nan yana kan hanya. Kuɗin da aka ce an rage bai ɓace ba. An ɗauke shi ne daga littafin kamfani aka aza wa mai gida, zai kuma biya shi nan gaba, ninki, a lokacin da ba shi da wanda zai riƙe.

Amma a fara da gaskiyar kamfani, don yana da ita. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai dai iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da a da ke shigowa daga tashar Kwatano suka koma bin Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, kuɗin dako ya hau. Ƙarfen gini, da kwanon rufi, da waya, da bututu, da fenti, akasarinsu daga waje suke zuwa. Wanda ya sa hannu a kan farashin gida kafin wannan duka, bai kuma rubuta cewa farashi zai iya canzawa ba, lallai ya shiga matsi. Ga kuma yadda yawancin waɗannan ayyuka suke tafiya: kamfani ba ya shigowa da jarin da zai gama unguwa, da kuɗin masu saye yake gini. Abin da sababbi suka zuba da shi ake rufe gidajen na farko. Ranar da ciniki ya yi sanyi, aiki ya tsaya.

Sai dai hujjar tsada ba ta rufe komai ba. Siminti a gida ake yin sa, a Malbaza da ke jihar Tawa, kuma a watan Oktoban 2024, bayan ɓarnar daminar shekarar, gwamnati ta kayyade farashinsa: tan ɗaya na siminti mai lamba 32.5 ya dawo jika 55 a Yamai, jika 51 a Tawa. To idan siminti ya sauka, me ya sa bulo ke ƙara laushi, me ya sa kanibo, wanda yawancinsa siminti ne da tsakuwa da aikin hannu, shi ne farkon abin da ake sokewa? Amsar ba a kasuwar Katako take ba. Tana cikin abin da mai saye ke iya gani da wanda ba ya iya gani.

Ranar karɓar makulli, mai gida da uwargida ƙofa suke dubawa, da taga, da launin bango, da ko karo ya zauna daidai. Babu mai fasa ginshiƙi ya ƙirga ƙarfe, babu mai tona titi ya auna bututu. Kamfani ya san haka. Saboda haka almakashinsa yana faɗawa ne a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko cikin bango, ko abin da yake na kowa da kowa, wanda ba a rubuta sunan mutum ɗaya a kansa ba. Waɗannan kuwa su ne aibinsu ba ya fitowa sai bayan damina biyu ko uku, lokacin da motocin kamfani sun daɗe da barin wurin.

Maganar ruwan sama ita ce uwa, kuma a kanta zan daɗe. Yamai ba garin ruwa mai yawa ba ne, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba. Matsalar ita ce yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma rabo mai tsoka daga cikinsa a ƴan manyan ruwaye yake zuba, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu. A yi lissafi mai sauƙi. Ruwan milimita 50 idan ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 500,000 ke nan. Unguwa mai hekta 100 ta karɓi lita miliyan 50 a dare guda. Lokacin da wurin yake gona, rairayi ke shanye mafi yawa, saura ya bi kori ya gangara. Yanzu an rufe ƙasa da kwano da daɓe da katanga, an danne titi da jar ƙasa har ya yi tauri. Ko rabin ruwan ne kawai ya tsaya a sama yana neman hanya, ana maganar lita miliyan 25. Idan ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa, kuma tsohuwar hanyarsa yake nema, wato korin nan da aka cike da ƙasa aka yanka fegi a kai.

Shi ya sa ɗage kanibo zuwa “zango na biyu” ba jinkiri ba ne kawai, juya aikin ne kai ƙasa. A tsarin da ya dace, masu awon ƙasa ke fara zuwa su gano tudu da gangare, su san inda ruwa zai fita. Daga nan ake sanin zurfin kanibo. Kanibo ke faɗin tsayin titi, titi kuma ke faɗin inda dakalin gida zai tsaya. Tun ran gini ran zane. Idan aka fara da gidaje, kowane magini da idonsa yake ɗaukar tsayi. Ranar da aka zo yin titi, bayan shekara biyar ko goma, sai a zuba ciko, titi ya hau, gidaje su koma cikin rami. Wanda ya san tsoffin unguwanninmu ya ga irin wannan: ƙofar gida da sai ka sauka mataki biyu kafin ka shiga, an gina mata ɗan bango a baki, ga buhunan yashi a jingine suna jiran hadari.

Abin da ya fi ciwo shi ne wannan ba gyaran mutum ɗaya ba ne. Idan fenti ya ɓare, mai gida ya sake. Idan ƙofa ta lalace, ya kira mai walda. Ruwan titi fa? Iyakar abin da zai iya shi ne ya ɗaga ƙofarsa, ya tura ruwan gidan maƙwabci. Maƙwabci ma ya ɗaga tasa. A ƙarshe wanda ya fi kowa talauci, ko wanda feginsa ya faɗo a gangare, shi ke kwana da bokiti a hannu. Zumuncin unguwa da yawa a nan ya lalace, mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci su wayi gari suna gaban mai unguwa saboda tudun ƙasa. Ruwan da ya rasa mafita kuma ya kwanta, ya haɗu da na gologo, sauro ya samu wurin zama, daga Agusta zuwa Oktoba yara na hanyar asibiti da masassara. Kuɗin maganin nan ma cikin kuɗin kanibon da aka soke yake, sai dai babu mai rubuta shi a can.

Akwai kuma rabin aiki da ya fi rashin aiki illa: a gina kanibo a babban titi don a gani, amma ba a kai shi ko'ina ba. Ya tattara ruwan unguwa duka ya juye shi a bakin gidajen ƙarshe, ko a gonar mutanen ƙauyen da ke ƙasa. Mai tambaya kada ya tsaya a “akwai kanibo?” Ya ce a nuna masa inda ruwan zai fita.

Mutanen Yamai ba labari aka ba su ba. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin birnin, alhali jan layin gargaɗi yana 620, madatsai suka ɓalle, Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga suka sha ruwa, aka kwashe dubban mutane zuwa sansani. A 2024 abin ya game ƙasa baki ɗaya: mutane kusan 400 suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Agustan shekarar ruwa ya yanke hanyar Yamai zuwa Dosso a wajen Sorey, babban birni ya kusa rabuwa da sauran ƙasa. Masu tallar fegi suna yawan cewa tasu unguwar a kan tudu take, nesa da kogi. Gaskiya ne kogi ba zai hau can ba. Amma abin da ya yanke hanyar Dosso ba kogi ba ne, ruwan kori ne, irin wanda ke gangarowa daga tudun da suke alfahari da shi.

Mu shiga cikin gidan. Kankaren ginshiƙi da na dal, a ƙa'idar da kowane injiniya ya sani, kilo 350 na siminti ne a mita kubik ɗaya, wato buhu bakwai. Idan aka zuba biyar, ido ba zai bambance ba, launin ɗaya ne. Ƙarfe mai lamba 12 idan aka musanya shi da mai lamba 10, a hannu bambancin kaɗan ne, amma nauyin ƙarfen ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. A rage ɗaurin da ke zagaye shi, a faɗaɗa tazara, nan ma wani kason ya tafi. Sai ban ruwa: kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A wurin da famfo bai kai ba, ruwa da tanka ake sayo shi, saboda haka shi ma yana cikin abin da ake tsuke hannu a kai. Kankaren da aka zuba a zafin Afrilu aka bar shi ya bushe a yini ɗaya ya riga ya yi asarar da ba ta dawowa.

Wani dattijon magini ya taɓa nuna mini yadda ake gane bulo, a bakin wani wurin gini da ke gefen gari. Ya ɗauki ɗaya ya goga babban yatsa a kusurwarsa, yashi ya zubo kamar ba a taɓa haɗa shi da komai ba. Ya ɗaga shi daidai ƙugu ya sake, ya tarwatse. Ya ce, “Ɗana, buhun da ya kamata ya ba da talatin, an matsa masa ya haifi hamsin. Ba laifin yaron da ya buga ba ne, shi a kan ƙirga ake biyansa, kuma buhun da aka ba shi ke nan.” Maganar tasa ta taɓo inda gizo ke saƙa. Kamfanin da ya yanka unguwar yana ba babban ɗan kwangila, shi ya yanka wa ƙananan ƴan kwangila, su kuma su ba magina a kan jinga. Kowane hannu sai ya cire nasa. In an rage kashi goma a sama, kafin ya iso ƙasa ya zama siminti da ƙarfe, don lebura ba shi da abin da za a rage masa kuma.

Wanda ya kamata ya tsaya a tsakani shi ne ofishin sa ido, injiniyoyin da aikinsu shi ne su duba ƙarfe kafin a zuba kankare, su ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji. Muna da ɗakin gwajin ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine a nan Yamai, inda ake matse dunƙulen kankare da inji a ga nauyin da zai ɗauka. Kuɗin sa ido ɗan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin aikin duka, amma sau da yawa shi ake fara taɓawa: a rage zuwan injiniya, ko a ɗauko wanda kamfanin ne ke biyansa kai tsaye, ba ya iya cewa a rushe. Idan na ji an ce an sallami masu sa ido don a yi tsimi, a wurina wannan ya fi kowane labari muni, don shi ke buɗe ƙofar sauran.

Na rufi da waya ba sai an daɗe ba. Kwano mara kauri da aka ɗaure sama-sama, iskar farkon damina ce alƙalinsa. Wayar da ta dace da soket mai kauri 2.5 ce, idan aka sa 1.5 ta fitila a madadinta, ranar da aka haɗa firji da na'urar sanyaya ɗaki za ta yi zafi cikin bango, gobara da yawa daga nan take tashi.

Ruwan sha da kuran kuwa, a nan ne ake ganin yadda kuɗi ke sauya aljihu ƙarara. Kamfanin SPEN ke da manyan kayan ruwa na ƙasa, kamfanin NDE ke rarraba ruwan tun farkon 2024 da ya gaji kamfanin SEEN, NIGELEC ke da wuta. Amma shimfiɗa bututu da kafa turaku a cikin sabuwar unguwa mai zaman kanta yana cikin abin da mai yankan fegi ke alkawarta wa masu saye, yana kuma cikin farashin da suka biya. Idan ya sa ƙaramin bututu, gidajen bakin hanya su samu ruwa, na ciki sai tsakar dare, ko babu. Daga nan sai ƴan ga-ruwa. A ce bido mai lita 25 dala biyar ne kacal, to mita kubik ya tashi jika guda ke nan, ninkin ba ninkin abin da mai famfo a gida ke biya, kuma a unguwannin nesa da bazara ba a samun sa a haka. Wanda ya gaji ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, a fegi mai mita 300, kusa da ramin masan maƙwabci. Wuta ma haka. Tiransifoma mai kVA 160 (kVA ma'aunin ƙarfin wuta ne) idan aka rataya masa gida 200, kowane gida bai samu kVA ɗaya ba, alhali na'urar sanyaya ɗaki guda ta fi haka ci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fitila ta koma ja, firji ya ƙone, a ƙarshe a bi gida-gida ana karɓar gudummawar sayen wani.

Sai filayen jama'a, waɗanda su ba ma tsimi ba ne, ciniki ne. Hekta ɗaya mita 10,000 ce. Idan aka bar kashi 40 cikin ɗari don tituna da makaranta da asibiti da kasuwa da wurin shan iska, fegi 20 masu mita 300 za a fitar. Idan aka matse aka bar kashi 25, sun zama 25. Fegi biyar a kowace hekta, a unguwa mai hekta 100, fegi 500 ke nan. Ga kuma masu gonakin asali da ake biya da wani kaso na fegi, wanda ke ƙara wa kamfani ƙaimin neman inda zai fanshe. Wannan jarabawa ce babba, kuma tarihin birnin bai ba mutane dalilin sakin jiki ba. Dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya zagaye Yamai ya tare mata iska da ƙura, mai faɗin kusan hekta 2,500, kowa ya ga yadda aka yi ta gutsurarsa. Wurin da gwamnati da kanta ta dasa bai tsira ba, ina ga filin da kariyarsa ita ce kalmar “makaranta” a kan takardar talla? Kanibo ko an makara ana iya haƙa shi da tsada. Filin makaranta idan aka gina gidaje a kai ya tafi har abada, yaran unguwar kuma su riƙa tsallaka babban titi kowace safiya.

Akwai masu cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya nemi gida mai araha kada ya yi kuka. Ban yarda ba. Mutanen nan ba rariya aka nuna musu ba, unguwa aka nuna musu da taswira da hoto, a kanta suka ci bashi. Kuma ba gaskiya ba ne cewa araha dole sai da algus. Akwai ragin da ba ya cutar da kowa. A yi ɗaki biyu da falo a kan tushe mai ƙarfi da zai ɗauki ƙari, mai gida ya faɗaɗa in Allah ya hore. A bar karo, a yi daɓen siminti. A bar fentin waje, a bar ƙofar ƙarfe mai ado. Titi ya zauna a jar ƙasa, ba laifi, muddin an daidaita tsayinsa an kuma yi masa kanibo. Har kayan ginin ma akwai abin dubawa: a 2016 wasu masu zanen gine-gine, cikinsu har da ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara, sun gina gidaje shida a unguwar Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin da ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2022. Ƙasar a nan take, ba ta jiran ayari daga Lome, ɗakinta kuma ya fi na bulo sanyi. Duk waɗannan ragi ne da za a iya faɗa wa mai saye ido da ido, ya yarda ko ya ƙi. Ragin da ake jin nauyin faɗa a taro, sai dai a gano shi, shi ne abin tsoro.

To me ke hannun mazauna? Abu na farko takarda. Yankan fegi ba a yin sa sai da izinin hukuma da taswirar da aka amince da ita, dokar tsara birane mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilu 2017 da dokar gini da muhalli mai lamba 2018-25 ta 27 ga Afrilu 2018 suna nan. Taswirar da ke da hatimin ma'aikata ita ce hujja, ba ta kan allo ba. Su nemi kwafinta, su nemi kundin sharuɗɗan aikin, da takardar da ta fayyace kayan da za a sa a kowane gida: lambar ƙarfe, yawan siminti, kaurin kwano, girman bututu. Da yawa sai a wannan lokacin suke gano cewa yarjejeniyar da suka sa wa hannu ba ta ambaci kanibo ko sau ɗaya ba, a baki aka faɗa. Wanda bai riga ya sa hannu ba, ya kai takardar wurin noter, wato jami'in da ke tabbatar da yarjejeniya a hukumance, kafin ya biya ko dala.

Na biyu, kada kowa ya tafi shi kaɗai. Mutum ɗaya idan ya je ofis, za a ba shi kujera da ruwan sanyi, a ce “Alhaji, ka kwantar da hankalinka,” ya dawo. Ƙungiya mai rajista, mai mutum ɗari biyu, idan kowa ya ba da jika biyar, ta tara miliyan guda, abin da zai ɗauki injiniya mai zaman kansa, ya biya gwajin kankare, ya kawo wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai shaidar gani da ido, ya rubuta abin da ya gani a hukumance. Hoton waya yana da amfani, amma takardar wisiye ce ke da nauyi a gaban alƙali. Mata su shiga shugabancin ƙungiyar, don su ne ke yini a unguwa, su suka san ƙarfe nawa ruwa ke ɗaukewa da inda yake kwanciya.

Ƙarfin mai saye na gaske kuwa shi ne kuɗin da bai riga ya biya ba. A ayyukan gwamnati ana riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila, a yi karɓar wucin gadi, sai bayan shekara guda a yi ta dindindin a sake masa sauran. Babu abin da ya hana masu sayen gida su nemi irin wannan: kason ƙarshe ya zauna a wurin noter ko a asusun da ba mai taɓawa, har gida ya ga damina ɗaya. Ranar karɓar makulli kuma duk aibin da aka gani a rubuta shi a takardar karɓa kafin a sa hannu. Doka ta ɗora wa mai gini alhakin manyan aibobi har shekara goma, amma wannan yana amfani ne idan kamfanin yana nan, yana kuma da abin biya. Bankunan da ke ba da bashin, har da bankin gidaje da aka buɗe a 2018, su ma abin ya shafe su, don gidan nan shi ne jinginarsu. Bai kamata su saki kuɗi a kan hoton bango ba tare da rahoton injiniya ba.

Sauran nauyin na hukuma ne, kuma a nan akwai wani ƙulli. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan ɗaya da ƴan kai a Yamai, tun daga lokacin birnin ya tumbatsa har ya fita daga iyakarsa. Da yawa daga cikin sabbin unguwannin a ƙasar Libore suke, ko Karma, ko Hamdallay, ko Bitinkoji, ƙananan hukumomin karkara na jihar Tilaberi. Mazauna a Yamai suke aiki, amma titin ƙofar gidansu na wata hukuma ne da kasafinta bai taka kara ya karya ba. Idan kamfani ya tafi ya bar unguwa ba kanibo, ita za ta gada, ba kuwa za ta iya ba. Daga baya sai ƙasa ta ciyo bashi ta gyara, kamar shirin PIDUREM na dala miliyan 250 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022, wanda babban ɓangarensa yaƙi da ambaliya ne a birane. Haƙa kanibo a fili kafin gini abu ne mai sauƙi. Haƙa shi a unguwar da ta cika, sai an fasa dakali, an kauce wa bututu da turaku, wani lokaci an rushe katanga an biya diyya.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin mazauna su kai gaban ma'aikatar tsara birane da kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi tun Afrilun 2024 ba dogon jeri ba ne. Kada a ba kamfani izinin sayar da zango na gaba sai injiniyan hukuma ya zo ya ga kanibon zangon farko da mafitarsa. Filayen makaranta da asibiti a yi musu takardar mallaka da sunan hukuma tun yanzu, a kafa allo, a dasa itatuwa a kewaye. Kuma a sa wa aikin kanibo ranar farawa a rubuce, cikin rani, don daga Nuwamba zuwa Mayu ne kaɗai ake iya haƙa da zuba kankare a natse. In watan Yuni ya kama ba a fara ba, mutanen gangare su san a cikin ruwa za su yi wannan daminar ma.